Fasfon Matar Yayana

Ranar da aka sanar da ƙarin kuɗin fito muna tsakar gida muna karyawa. Rediyon Inna na kan taga, mai karanta labarai ya ce daga farkon wata, duk kayan da za a shigo da su daga ƙasar da ke tsallaken iyakarmu kuɗin fitonsu ya ninka. Yaya ya ajiye kofin shayi ya ce, "Me ya ce?" Alhali sarai ya ji.

Tayil Yaya yake sayarwa, na daɓen ƙasa da na bango. Shagonsa ƙofa uku ne a bakin babban titi, kuma duk kwalin da ke ciki daga tsallake ya zo, daga siton surukinsa, wato yayan matarsa. Shekara goma sha bakwai ke nan da ya auro ta daga can. Ni Anti nake ce mata. Inna kuwa 'Yar Tsallake take kiran ta, da can cikin wasa.

Anti ta zo kwashe kofuna, Yaya ya dube ta ya ce, "To kin ji. Ke ma yanzu kin yi tsada." Muka yi dariya, har da ita.

Ni a lokacin wata takwas ke nan da mutuwar aurena. Na dawo gidan Yaya da akwati biyu, ya ba ni ɗakin da ke kusa da kicin, ranar Asabar kuma ina taya shi zaman shago. Na faɗi wannan ne tun yanzu don a san abin da ya ɗaure mini baki daga baya.

Sati biyu da fara sabon harajin, Yaya ya kira surukinsa a falo, ya sa wayar a sifika don Anti ta ji.

"Abu ne mai sauƙi," in ji Yaya. "A takarda ka rubuta mai arahar nan ne, ƙaramin aji. A cikin mota kuma ka loda mini wanda muka saba. Shi ke nan."

Surukin ya ce, "Sunana ne a kan takardar, hatimin sitona ne. In 'yan kwastan suka buɗe mota, ni za su nema, ba kai ba."

"Haba, kowa haka yake yi yanzu."

"To ni ban iya ba. Ka yi haƙuri. In kana so in rage maka ribata, zan rage, mu raba wahalar. Amma ƙarya a takarda, a'a."

Yaya ya kashe wayar ba ko sallama. Ya juyo ya dubi Anti kamar ita ce ta yi maganar.

Daga ranar gidan ya sauya mata. Miyar da ta shekara goma sha bakwai tana yi ba wanda ya kushe, sai ga shi yau gishiri ya yi yawa, gobe ruwa ya yi yawa. In ta gaishe da Yaya sai ya amsa da ka. Inna kuwa ba ta ɓoyewa. Tana zaune a kan tabarmarta, Anti na shara a gabanta, sai ta ce, "Mutane dai ba su da ta ido. Sun ci sun ƙoshi da kuɗin ɗana, da aka zo wajen wuya sun janye hannu." Wata rana Anti na yi wa 'yarta magana da yarensu, kamar yadda ta saba tun yarinyar na goye, Inna ta daka tsawa, "A daina mana wannan yaren a gidan nan! In zagin mu ake yi a zage mu da wanda muke ji."

Anti ta ce, "Inna, cewa na yi ta kwashe shanya."

"To ki faɗa da bakin mutane."

Ana cikin haka aka bugo waya daga tsallake. Da hantsi ne, Anti na wanki a bakin famfo. Na ga ta miƙe tsaye, kumfa na zuba daga hannunta, tana ta maimaita kalma ɗaya da yarensu. Mahaifiyarta ce ta faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace.

Kafin azahar ta haɗa 'yar jaka. Kaya kala uku, da man zafi, da wani mayafi mai kauri da ta saya wa tsohuwar tun bara ba ta samu mai kai mata ba. Ta ajiye jakar a bakin ƙofar ɗakinta. Abin da ya rage fasfo, shi kuma yana cikin akwatin ƙarfe na shago, inda Yaya ke ajiye takardun gida duka.

Da ya dawo ta durƙusa ta faɗa masa. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Gobe zan taho miki da shi."

Gobe ta yi, ya ce ya manta. Jibi ya ce mukullin akwatin ya shige wani wuri, ana nema. Da aka kwana huɗu ya ce ya ji labarin hanya ba kyau, a bari ta lafa. Da aka yi sati, sai Inna ta karɓi zancen. "Yanzu in kin tafi wa zai duba ni? Ƙafar nan tawa wa zai gasa mini? Ai can akwai matar yayanki. Ko ita ba mutum ba ce?"

Na ce, "Inna, ai ga ni."

Ta ce, "Ke da ba ki iya riƙe gidanki ba?"

Kullum da la'asar matar yayan Anti takan kira ta a bidiyo, ta kara wa tsohuwar waya a fuska. Nakan ji daga kicin. Tsohuwar na son ta yi magana, harshe ya ƙi, sai wani sauti kawai da yawu. Anti na ce mata da yarensu, ina zuwa, ina hanya. Wannan kam na iya shi, don sau da yawa na ji. In an kashe wayar sai ta shiga banɗaki ta saki famfo, ta daɗe, ta fito ta ɗora girki.

Ba zama ta yi ba. Ta je tasha da ƙafarta ta tambayi direbobin iyaka ko za su tsallaka da ita haka nan. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Baiwar Allah, da can ne. Tun da aka sa harajin nan ko kaza ba ta wucewa ba takarda." Ta buga wa ofishin jakadancin ƙasarsu, suka ce in sabo take so ta zo da tsohon, ko da takardar 'yan sanda cewa ya ɓata, kuma sai ta jira sati shida. Ta ce da ni, "Ta yaya zan je in ce ya ɓata alhali na san inda yake? In kai uban 'ya'yana gaban 'yan sanda?"

Ranar kwana goma sha biyu ta yafa mayafi ta tafi shagon. Ina can, Asabar ce. Yaya na nuna wa wani magini samfurin tayil, ta tsaya a bakin ƙofa har suka gama. Da mutumin ya fita ta ce, "Baban yara, ga akwatin can. Ga mukulli a aljihunka, ina jin ƙararsa. Don girman Allah ka ba ni."

Yaya ya dubi titi ya ga ba kowa. Ya ja kujera ya zauna.

"Tunda kin zo har nan, bari in daina kwana-kwana. Dubi shagon nan." Ya nuna mata kantoci, rabi wayam. "Da wannan nake ciyar da ke, da 'ya'yanki, da uwata, da wannan," ya nuna ni da baki. "Yayanki na da maganin abin a hannunsa, ya ƙi. Shi yana da uwa, ni ba ni da ita? Ki ce masa ya sa hannu a takarda ɗaya. Motar na tsallakowa, ni da kaina zan kai ki tasha."

Anti ta ce, "Uwata ce fa kwance."

"Shi ya sa na ce ki yi sauri."

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta juya ta fita, ta bi ta tsakiyar rana ba ta ko tsayar da abin hawa ba.

Bayan ta tafi Yaya ya jefo mini mukulli ya ce in ɗauko masa takardar hayar shago, shi kuma ya zaga baya wajen masu sauke kaya. Na buɗe akwatin. Fasfon na sama-sama, an ɗaure shi da roba tare da takardun haihuwar yara. Na ɗauka da niyyar in cusa a jakata, Allah shi ne shaida. Na buɗe don in tabbatar nata ne. Ga hotonta tun tana da kumatu. A ƙasa ga ranar ƙarewa. Wata huɗu ke nan da ya daina aiki.

Ina tsaye da shi a hannu Yaya ya shigo. Ya dubi fasfon, ya dube ni. Daga yadda ya dube ni na gane ya sani, ya daɗe da sani.

Ya ce, "Ɗakin nan na kusa da kicin, ya ishe ki ko? Ba ya yoyo?"

Na ce, "Ba ya yi, Yaya."

"Madalla. Mayar ki rufe."

Na mayar na rufe.

Da yamma Anti ta kira yayanta. A kicin ta yi wayar, ina yanka albasa, ba ta ɓoye mini ba don ta ɗauka ni tata ce. Ta yi magana da yarensu tana kuka, ta daɗe. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Da ta ajiye wayar ta share fuska da gefen zani, ta ce mini, "Ya yarda. Ya ce likita ya ce tsohuwa ba za ta wuce wata ba, gara in zo ta gan ni." Har ta yi murmushi. Ta ce, "Ranar Litinin za a loda. Ke za ki riƙe mini yaran, ko?"

Na ce, "Zan riƙe." Magana tana bakina, ga ta nan a kan harshe. Na ce a raina bari sai gobe. Da goben ta yi na ce a raina wataƙila a iyaka za su tausaya mata, wata huɗu ai ba shekara ba ce. Haka na yi ta lallashin kaina har Litinin ta wuce.

Kwana biyun nan Yaya ya zama wani mutum. Ya sayo nama, ya yaba miya, har ya tambayi jikin surukarsa. Inna ma ta ce, "Ai dama 'yan uwantaka ta fi ƙarfin gwamnati."

Ranar Laraba 'yan kwastan suka buɗe motar a iyaka. Kwali na farko da suka yanka ya saɓa da takarda. Suka sauke kayan duka, suka tsare direba, suka sanar da hukumar can. Kafin la'asar an je an rufe siton yayan Anti, an tafi da shi.

A gabana wani jami'i ya kira Yaya. Na ji Yaya yana cewa, "Ranka ya daɗe, ni mai saye ne. Abin da ke rubuce a takarda shi na yi oda. In ya loda wani abu daban, shi ya san dalilinsa. Wallahi ni ma abin ya ba ni mamaki, mutumin kirki ne."

Anti na tsaye a ƙofar falo da tire a hannu. Ba ta saki tiren ba. Ta ƙarasa ta ajiye masa abinci a gabansa, ta zuba masa ruwa, ta koma.

Ranar Juma'a da safe tsohuwar ta cika. Ɗanta na tsare, 'yarta na wannan gefen iyaka. Matar ɗanta ce kaɗai a kanta. Maƙwabta ne suka kai ta.

Anti ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar ɗakinta, kusa da jakar nan da ta kwana goma sha takwas a wurin, ta miƙe ƙafa, ta zuba wa bango ido. 'Yarta ta rungume ta tana kuka, ita ko motsi. Mata suka fara shigowa gaisuwa, Inna na karɓar su a tabarmarta tana cewa, "Ajali ne. Ko tana can ai ba za ta hana ba."

Wajen azahar Yaya ya dawo daga shago ya kira ni zaure. Ya zaro fasfon daga aljihu ya miƙo mini. "Kai mata. Ki ce in tana so ta je gaisuwa, ban hana ba."

Na ce, "Yaya, kai ka kai mata mana."

"Na ce ki kai."

Na kai. Na durƙusa a gabanta na ajiye mata a cinya. Ta ɗauka kamar abin da ba ta gane ba, ta cire robar, ta buɗe. Na ga idonta ya sauka kan hoton, ya gangara ƙasa, ya tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa, tana bi da yatsa. Sannan ta ɗago.

"Da ya ba ni tun ranar farko, da na sabunta, ko ban same ta ba, da yayana na kanta," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Ashe abin da na sayar da yayana a kansa ma ba ya aiki." Ta dube ni. "Ranar da na je shago kina can. Ke kike buɗe masa akwatin nan."

Na kafa wa fasfon ido.

"Kin gani?"

Na sunkuyar da kai.

"Kina yanka albasa ina gaya miki ya yarda. Kin gani a lokacin?"

Na ce, "Anti, ki yafe mini, ba ni da wajen zuwa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Haka ne. Kowa da dalilinsa." Ba ta ƙara ba. Da ta zage ni ko ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Sai bayan wata biyu sabon fasfo ya fito, da kuɗin 'yan kunnenta da ta sayar. Ta tafi, kwana huɗu ta dawo. 'Yarta ce ta ba ni labarin abin da ta tarar, don ni ta daina ba ni labari. An saki yayanta, amma an karɓe masa lasisi, siton na rufe, ma'aikatansa sun watse. Ya karɓe ta a falo kamar baƙuwa, ya ce mata ba laifinta ba ne, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Matarsa kuwa ba ta rufa mata ba. Ta ce, "Kullum sai tsohuwa ta sa na juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Ke take jira. Kin hana ta ganin ki, kin kuma hana ta ganin ɗanta." Anti ta je kabarin, ta dawo, ta bar mayafin nan a kan gadon tsohuwar. Ta hau mota ta komo inda 'ya'yanta suke.

Yaya dai bai karye ba. Ya koma sayar da tayil na cikin gida, wanda da yake cewa ko kyauta ba zai sa a banɗakinsa ba. Yanzu har allo ya kafa a ƙofar shago yana kiran mutane su so kayan ƙasarsu. Abokansa in sun zo hira suna jajanta masa motar da ya rasa, shi kuma yana girgiza kai yana cewa, "Harajin nan ya raba zumunci da yawa." Wata rana na yi ƙarfin hali na ce masa, "Yaya, abin da aka yi wa Anti fa?" Ya ce, "Ni na sa harajin? Ki je ki tambayi gwamnati."

Na ji masana a rediyo suna lissafin wanda ya ci riba da wanda ya yi asara a wannan haraji, masana'antu kaza, motoci kaza. Ba laifinsu ba ne, abin da ke takarda suke gani. Amma gwamnati iyaka ta tsaurara, ba ita ta kulle akwatin shagonmu ba. Wanda ya kulle ɗan gida ne, wadda ta mara masa baya uwarmu ce, wadda ta gani ta mayar ta rufe kuma ni ce. Dukanmu muna cin abincin da matar nan ke dafawa har yau.

Da damina ciwon ƙafar Inna ya tashi, ta kwanta. Anti ce ke gasa mata, safe da yamma, ba ta fasa ko sau ɗaya ba. Rannan da safe Yaya ya leƙo ɗakin da jaka a kafaɗa, ya ce zai je masana'anta ya ga sabon kaya, kwana uku zai yi.

Inna ta riƙo hannun rigarsa. "A'a, ba inda za ka. Ka aika wani. Ni jikin nan nawa ban yarda da shi ba. In abin ya zo, ina so in buɗe ido in ga ɗana a kaina. Wace uwa ce za ta so ta tafi ba ɗanta a kusa?"

Yaya ya sauke jakar ya ce, "Shi ke nan, Inna, na fasa."

Anti na durƙushe a ƙasan gado. Ta matse tsumma a ruwan zafi, ta ɗora a kan gwiwar Inna, ta danna a hankali.

Ta ce, "Babu ita, Inna. Babu uwar da za ta so."

Inna ta kawar da kai. Yaya ya dubi silin. Ni na dubi ƙafata. Anti ta sake tsoma tsumman a ruwa, ta ce, "Miƙo ɗayar."